Hanyar Koyarwa ta Sadarwa a Fagen Japananci: Matsayin Nahawu da Ladabin Magana

1. Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi nazarin yadda aka yi amfani da hanyar koyarwa ta sadarwa, wadda masu rubutu da Faransanci ke kira approche communicative, wajen koyar da Japananci ga waɗanda ba harshen uwarsu ba ne. An ƙirƙiro wannan hanya a Turai domin harsuna irin su Ingilishi da Faransanci, kuma sau da yawa akan fahimce ta a matsayin rage nahawu a cikin aji da ƙara hira. Abin da muke son nunawa shi ne cewa Japananci ya ƙi karɓar wannan fahimta, domin a cikinsa dangantakar da ke tsakanin mai magana da mai sauraro tana bayyana ne a jikin aikatau. Saboda haka muhawarar malaman Japananci ta koma kan tambaya guda: wane nahawu za a fara koyarwa, kuma me zai tsara jerinsa?

Batun ba ƙarami ba ne. Binciken Gidauniyar Japan, wadda aka kafa a 1972, ya nuna cewa masu koyon harshen a wajen ƙasar sun kai kimanin 127,000 a 1979, sannan suka kai kimanin miliyan 3.8 a ƙasashe da yankuna 141 a 2021. A cikin misalan da za mu kawo, mun rubuta Japananci da haruffan boko, kuma mun ninka wasali inda yake da tsawo.

2. Hanyoyin da suka gabata

Kafin zuwan hanyar sadarwa, hanyoyi biyu ne suka mamaye fagen. Ta farko ita ce koyarwa kai tsaye da harshen da ake koyo, ba tare da fassara ba. Jigonta a Japan shi ne Naganuma Naoe, wanda ya yi aiki tare da masanin nan ɗan Ingila Harold Palmer a lokacin da Palmer ke ba Ma'aikatar Ilimin Japan shawara, daga 1922 zuwa 1936. Naganuma ya wallafa jerin littattafan karatunsa tsakanin 1931 da 1934, ya kuma buɗe makarantarsa a Tokiyo a 1948. A wannan hanya malami kan nuna abu ko ya aikata aiki, ya yi tambaya, ɗalibi ya amsa, kuma ana bin tsarin jimla daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Ta biyu ita ce hanyar ji da maimaitawa, wadda ta samo tushe daga horon harsuna da sojan Amurka suka yi a Yaƙin Duniya na Biyu. Eleanor Jorden ce ta fi shahara a nan, da littafinta Beginning Japanese na 1962 zuwa 1963, da kuma Japanese: The Spoken Language da ta rubuta tare da Mari Noda tsakanin 1987 da 1990. Ɗalibi kan haddace gajeruwar hira, sa'an nan ya yi ta maimaita tsarin jimla guda yana sauya kalma ɗaya, har bakinsa ya saba. Ya kamata a lura cewa Jorden ta mai da hankali ƙwarai ga matsayin masu magana da al'adar da ke bayan furuci. Raunin hanyar ya fi fitowa ne daga yanayin aji: malami ya riga ya san amsar kowace tambaya da yake yi, don haka babu wani labari da ke wucewa daga wani zuwa wani.

3. Asalin hanyar sadarwa da shigarta fagen Japananci

A 1972 aka wallafa maƙalar Dell Hymes a kan ƙwarewar sadarwa, inda ya yi suka ga ra'ayin Chomsky na 1965 da ya taƙaita sanin harshe ga sanin dokokin gina jimla. A ganin Hymes, wanda ya san harshe dole ya san abin da ya dace a faɗa, ga wa, a ina, kuma yaushe. Majalisar Turai ta mai da wannan ra'ayi manhaja: Threshold Level ya fito a 1975 domin Ingilishi, Un niveau-seuil kuma a 1976 domin Faransanci. Maimakon a jera darussa bisa lokutan aikatau, sai aka jera su bisa ayyukan magana kamar roƙo, gayyata, ƙin amincewa da neman gafara. A 1980 Canale da Swain suka kasa ƙwarewar sadarwa gida uku, wato ta nahawu, ta walwalar harshe da ta dabarun fita daga matsala, daga baya a 1983 Canale ya ƙara ta huɗu, wato ta haɗa zance.

Abubuwa uku ne suka shigar da wannan tunani cikin koyar da Japananci. Na farko, a 1983 gwamnatin Nakasone ta tsai da burin karɓar ɗalibai baƙi 100,000, burin da ya cika a 2003. Waɗannan ɗalibai na bukatar harshen da za su nemi ɗaki da shi, su je asibiti, su yi magana da malamin da ke duba bincikensu. Na biyu, a ƙarshen shekarun 1980 Japananci ya bunƙasa a makarantun Ostireliya, inda J. V. Neustupný na Jami'ar Monash ya jawo hankali ga abin da ya kira yanayin haɗuwa, wato zance tsakanin ɗan ƙasa da baƙo. A littafinsa Communicating with the Japanese na 1987 ya nuna cewa baƙo kan gamu da cikas saboda rashin sanin ƙa'idojin zance da na zamantakewa, ko da jimlolinsa daidai suke. Na uku, a Amurka ƙungiyar ACTFL ta fitar da ma'aunin iya harshe a 1986, tare da jarrabawar baka ta fuska da fuska, kuma masana irin su Makino Seiichi suka yaɗa wannan ma'auni a tsakanin malaman Japananci.

Daga nan sababbin littattafai suka fito. Malaman Jami'ar Tsukuba sun wallafa Situational Functional Japanese a 1991 zuwa 1992, wanda ya gina kowane darasi a kan wani yanayi na rayuwar ɗalibi. A Amurka an sami Yookoso na Tohsaku a 1994. Ayyukan aji ma suka sauya: aka shigo da wasan kwaikwayo na mutum biyu, da tambayoyin da ɗalibai ke yi wa juna, da aikin giɓin bayani, inda ake ba ɗalibi ɗaya rabin jadawalin jirgin ƙasa a ba abokinsa ɗaya rabin, ta yadda sai sun tambayi juna za su cike shi.

4. Inda Japananci ya sha bamban

4.1 Sigar ladabi da sigar sabo

A Faransanci, zaɓi tsakanin tu da vous kan taso ne idan ana nufin mai sauraro. A Hausa ma akan ce wa babba "ku" a maimakon "kai". Amma jimla kamar "ruwa ya sauka" ba ta ɗauke da alamar wanda ake gaya wa. A Japananci kusan kowace cikakkiyar jimla tana ɗauke da wannan alama a ƙarshenta. Dubi waɗannan misalai, dukansu masu ma'anar "za ni gobe":

(1) Ashita iku.
(2) Ashita ikimasu.
(3) Ashita mairimasu.

Jimla ta (1) tana cikin sigar sabo, wadda ake yi wa aboki ko ɗan gida. Ta (2) tana cikin sigar ladabi, mai ɗafin -masu, wadda ake yi wa baƙo ko abokin aiki. Ta (3) ta sauya aikatau ɗungurungum domin mai magana ya ƙasƙantar da kansa. Idan kuwa babban mutum ne zai tafi, akan ce irasshaimasu. Ke nan ɗalibi ba zai iya buɗe baki ba tare da ya ɗauki matsayi game da wanda ke gabansa ba.

Mafi yawan littattafai sun zaɓi fara koyar da sigar ladabi, domin ba a cika ɓata wa kowa rai da ita ba. Wannan zaɓi yana da nasa nauyi. Ɗalibin da ya zauna a kanta ba ya gane hirar tsararsa ko ta fina-finai, kuma idan ya ci gaba da amfani da ita ga abokin da suka saba, akan ji kamar yana ja da baya. Bugu da ƙari, sigar sabo ita ce ƙamus ke kawowa, kuma da ita ake gina jimloli masu sarƙa, kamar faɗin abin da mutum ke tsammani ko siffanta suna da jimla. Don haka jinkirta ta yana taƙaita abin da ɗalibi zai iya faɗa.

4.2 Na gida da bare

Harshen girmamawa, wanda ake kira keigo, an saba kasa shi gida uku, amma jagorar da Majalisar Al'adu ta Japan ta fitar a 2007 ta kasa shi gida biyar. Wahalarsa ga baƙo ba ta tsaya ga yawan sigogi ba. Girman mutum yakan sauya gwargwadon wanda ake magana da shi, bisa rabon uchi da soto, wato na gida da bare. Ma'aikaci a cikin ofis yakan ɗaukaka shugabansa da aikatau na girmamawa. Amma idan wani daga waje ya bugo waya yana neman shugaban, ma'aikacin zai ambaci sunansa ba tare da ɗafin -san ba, ya kuma yi amfani da aikatau na tawali'u:

(4) Tanaka wa orimasen. "Tanaka ba ya nan."

Dalili shi ne a gaban bare shugaban ya zama na gida, kuma ba a ɗaukaka na gida a gaban bare. Haka nan mutum kan kira mahaifinsa otoosan a gida, ya ce chichi idan yana ba wani labarinsa. Ba a iya koyon wannan daga jadawalin sigogi kawai. Sai an sa ɗalibi cikin yanayi, an gaya masa wane ne shi da wanda yake magana da shi, wanda kuwa shi ne ainihin aikin wasan kwaikwayo a aji. A lokaci guda, wasan ba zai yiwu ba sai ɗalibin ya riga ya mallaki sigogin.

4.3 Bayarwa da karɓa

Japananci yana da aikatau biyu masu ma'anar "ba": ageru, idan kyautar ta fita daga wajen mai magana, da kureru, idan ta nufo shi. Mai jin Hausa zai gane wannan da sauƙi idan ya tuna bambancin kai da kawo, ko aika da aiko. Ana kuma haɗa waɗannan aikatau da wasu domin a nuna wanda ya amfana da aiki. Wanda ya ce abokinsa ya koya masa wani abu ba tare da ya sa kureru ba, jimlarsa takan fito kamar ta marar godiya. Akasin haka ma yana da haɗari. Ɗalibin da ke son ɗaukar wa malaminsa jaka zai iya gina (5) bisa ƙa'idar da ya koya, alhali (6) ce ta dace:

(5) Kaban o motte agemasu.
(6) Kaban o omochi shimasu.

Jimla ta (5) ba ta da kuskuren nahawu, sai dai tana ɗauke da ƙanshin gori, kamar mai cewa "zan yi maka alheri". Irin wannan ne kuma tambayar babba kai tsaye ko yana son abu. Maimakon koohii ga hoshii desu ka, akan ce koohii wa ikaga desu ka, wato "yaya batun kofi?" Haka kuma ana ƙauracewa wakilin suna anata ga wanda ya girme ka, a kira shi da muƙaminsa, kamar sensei, wato malam.

4.4 Amsa zance da jimla marar ƙarshe

Mai sauraro a Japananci yakan riƙa jefa ƙananan kalmomi kamar hai, ee da soo desu ka a tsakiyar maganar abokinsa, kamar yadda Bahaushe ke cewa "to" ko "haka ne". Ana kiran wannan aizuchi, kuma masana irin su Mizutani Nobuko da Senko Maynard sun yi nazarinsa. Baƙon da ya yi shiru, musamman a waya, akan ɗauka ba ya bin zancen. Wanda kuma ya ɗauki hai a matsayin amincewa zai iya kuskure, domin sau da yawa ma'anarsa "ina jin ka" ce kawai. Ƙin gayyata ma ba a cika kammala shi ba:

(7) Ashita wa chotto... "Gobe kam da ɗan..."

Tsoffin hanyoyi sun horar da ɗalibi ya amsa da cikakkiyar jimla koyaushe. A nan kuwa cikakkiyar jimla ce za ta zama rashin ladabi. Shigar da irin waɗannan abubuwa cikin darussan farko yana daga cikin ribar da hanyar sadarwa ta kawo.

5. Matsalar rubutu

Ɗaya daga cikin ginshiƙan hanyar sadarwa shi ne amfani da takardu na gaskiya, kamar jarida, talla da takardar cikewa. A Faransanci ɗalibin mako na biyu zai iya furta abin da ke rubuce a allon kanti ko da bai gane shi ba. A Japananci ana haɗa tsarin rubutu uku: hiragana da katakana, kowane mai alamomi 46 na asali, da kanji da aka aro daga Sin. Jerin kanji na amfanin yau da kullum ya ƙunshi 1,945 a 1981, aka ƙara shi zuwa 2,136 a 2010, kuma ƴan firamare a Japan suna koyon 1,026 cikin shekara shida. Yawancinsu suna da karatu fiye da ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta kimanin sa'o'i 2,200 na aji domin Japananci, alhali Faransanci bai kai sa'o'i 800 ba.

Malamai sun bi hanyoyi daban-daban. Jorden ta raba magana da rubutu, ta koyar da magana da haruffan boko. Wasu sun fara da hiragana tun makon farko, suna ɗora ƙananan alamomin furuci a kan kanji. Mabiya hanyar sadarwa sun ƙara wata dabara, wato raba kanjin da za a gane da ido da wanda za a rubuta da hannu. Baƙo yana bukatar ya gane alamar ƙofar fita, ko ta haɗari, ko ta naman alade a jikin kunshin abinci, tun kafin ya iya zana su. Yaɗuwar kwamfuta da wayar hannu ta ƙarfafa wannan ra'ayi, tun da mai rubutu kan buga furucin kalma ne ya zaɓi kanjin da ya dace daga jerin da na'ura ta nuna masa.

6. Sulhun da littattafai suka yi

Duk da yawan magana a kan sadarwa, littafin da ya fi yaɗuwa a makarantun harshe na Japan shi ne Minna no Nihongo na 1998, wanda aka gina a kan tsarin jimla. Yana da darussa 50 a matakin farko. Sigar sabo ba ta shigowa hira sai a darasi na 20, harshen girmamawa kuwa sai a darussa na 49 da 50. Amfaninsa a fili yake: sabon malami ya san abin da zai koyar kowace rana, kuma babu darasin da ke bukatar abin da ba a riga an gani ba. Illarsa kuma ita ce ɗalibin da ke zaune a Japan yana jin harshen girmamawa daga bakin mai kanti tun ranar da ya sauka, watanni kafin littafin ya kai shi can.

A 2005 Noda Hisashi ya shirya wani littafi a kan nahawun koyarwa domin sadarwa, inda aka yi kira da a daina aro jerin darussa daga nahawun masana, a gina shi daga bukatar mai koyo, kuma a bambanta nahawun ji da na faɗa da na karatu da na rubutu. Bisa wannan ra'ayi, ɗalibi zai iya koyon gane irasshaimasu tun da wuri, a jinkirta nema daga gare shi ya gina irinta.

Bayan Majalisar Turai ta fitar da ma'auninta na bai ɗaya a 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2, Gidauniyar Japan ta gina nata ma'auni a kansa a 2010. Burin kowane darasi ya zama bayanin abin da ɗalibi zai iya yi, alal misali "zan iya yin odar abinci a gidan cin abinci". Littafin Marugoto na 2013 ya bi wannan tsari, amma abin lura shi ne a matakan farko an raba shi littafi biyu: Katsudoo domin ayyukan ji da magana, da Rikai domin fahimtar nahawu da rubutu. Wannan rabo shaida ce cewa masu tsara shi sun ga ba za a iya barin ɗayan ba. A 2020 aka fitar da Irodori kyauta a intanet domin baƙin ma'aikata, bayan dokar da ta buɗe sabuwar bizar ma'aikata masu sana'a a 2019.

Sadarwa kuwa aiki ne na mutum biyu. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995, inda baƙi da yawa suka kasa fahimtar sanarwar ceto, Sato Kazuyuki na Jami'ar Hirosaki da abokan aikinsa suka tsara abin da ake kira Japananci mai sauƙi, wato gajerun jimloli da kalmomin da baƙo ya sani. Da yake baƙi mazauna Japan sun haura miliyan 3 a ƙarshen 2022, ƙananan hukumomi da yawa suna horar da ma'aikatansu a kan wannan salo.

7. Jarrabawa

Abin da jarrabawa ke aunawa shi ne abin da aji ke koyarwa. Babbar jarrabawar iya Japananci, JLPT, ta fara a 1984 da matakai huɗu. A lokacin, mafi ƙanƙanta yana bukatar kimanin kanji 100 da kalmomi 800, mafi girma kuwa kimanin kanji 2,000 da kalmomi 10,000. A 2010 aka sake mata tsari zuwa matakai biyar, daga N5 zuwa N1, aka daina wallafa jerin kalmomin haddacewa, aka kuma ƙara tambayoyin da ke auna amfani da harshe. Amma tsarinta na zaɓen amsa ne, ba ta da sashen magana ko na rubuta zance. Tun da kamfanoni da jami'o'i suna neman takardar N2 ko N1, malami yakan tsinci kansa tsakanin bukatu biyu, kuma idan ranar jarrabawa ta matso, wasan kwaikwayo ne kan fara faɗuwa daga jadawali.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da abubuwa uku. Na farko, a Japananci ƙwarewar nahawu da ta walwalar harshe suna haɗe a ɗafi guda, don haka rabon Canale da Swain yana da amfani wajen nazari, amma da wuya a bi shi wajen tsara darasi. Na biyu, gudummawar hanyar sadarwa a wannan fage ita ce sauya abin da ke tsara jerin darussa: a da tsarin harshe ne, daga baya bukatar mai koyo ta sami gurbi, tare da bambanta abin da zai gane da abin da zai faɗa. Na uku, duk gyaran da aka yi wa littafi ba zai yi nisa ba muddin jarrabawa ba ta auna magana.

Akwai tambayar da wannan nazari ya bari a buɗe ga masu koyar da Hausa ga baƙi. Gaisuwa, sakaya sunan suruki da ɗan fari, da zaɓi tsakanin "kai" da "ku", duk ƙa'idoji ne da baƙo ke cin karo da su tun ranar farko. Zai yi kyau a duba littattafan da muke da su a ga a darasi na nawa suke bayyana, da kuma ko jarrabawarmu tana auna su.